Wutar daji: abin da doka ta hana, da abin da ta bari

Masu zuwa ci-rani Aljeriya sun dawo mana da labarin gobarar duwatsun Kabiliya ta watan Agusta 2021, wadda ta tashi cikin tsananin zafi ta halaka mutane da dama, har da sojojin da suka je kashe ta. Mu a jihar Maradi ba mu da irin waɗannan duwatsu. Tamu wutar a shimfiɗaɗɗen fili take gudu, cikin busasshiyar ƙarangiya, musamman arewacin Dakoro da Bermo. Takan fara ne da ɗaukewar ruwa, wajajen Oktoba, ta ƙara ƙarfi da iskar hunturu. Kuma shekarar da damina ta yi albarka ita ce mafi haɗari, domin ciyawa ta yi kauri ta haɗe, wuta ba ta samun inda za ta tsaya.

Babbar dokar da ta shafi wannan ita ce doka mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, wadda ta tsara sha'anin dazuzzuka a Nijar. Tushenta mai sauƙi ne: cinna wa daji wuta haramun ne. Ƙofa ɗaya aka bari, ita ce ƙonawa don gyaran daji, bisa sharuɗɗan da hukuma ta gindaya. Wannan aikin ma'aikatan gandun daji ne da wanda suka ba izini. Maharbin da ya sa wuta don ya koro zomo ko gafiya ba ya cikin wannan ƙofa, haka mai cin zuma da ya yar da bakin wuta a gindin itace.

Hukunci ya fi tsanani idan wurin gandun gwamnati ne. Wanda ya sa wuta da gangan a irin wannan wuri yana fuskantar tara ko ɗauri, ko duka biyun. Misali mafi kusa da mu shi ne Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, inda aka maido raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018. Wuta ɗaya ta rana ɗaya tana iya cinye abincinsu da na dabbobin rugagen da ke kewaye.

Tambayar da manoma suka fi yi ita ce ta sassabe. Gonarka taka ce, amma wutar da ka kunna tana wuyanka har ta mutu. In ta tsallaka ta ci karan maƙwabci, ko rumbunsa, ko ta faɗa makiyaya, cewa "ba da gangan ba ne" ba ya ɗauke maka biyan diyya. Irin wannan magana takan fara gaban mai gari ko hakimi don sasantawa, tare da kwamitin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta samar, in ta gagara ta wuce kotu. Shawarata, kada a kunna da rana tsaka ko ranar iska, a share kewayen tarin, kuma kada a bar wa yara gadinsa.

Na taɓa kwana a wata ruga a arewacin kwarin Tarka kwana biyu bayan wuta ta wuce. Ƙasa baƙa ƙirin iyakar ganinka, toka tana shiga ido da kwanon fura. Shanu sun tsaya cirko-cirko bakin rijiya, ba su san inda za su nufa ba. Dattijon da ya sauke mu ya ce mini: "Malam, ciyawar da za ta kai mu bazara ce ta tafi tsakanin azahar da magariba." Ana zaton garwashin shayi ne wasu matafiya suka zubar ba su binne ba. Ko an kama su, wace tara ce za ta ciyar da garke wata shida? Shi ya sa nake ganin doka mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 kan kiwo, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ba za ta yi amfani ba in babu ciyawar da za a je wa.

Rigakafin da aka sani shi ne hanyoyin tare wuta. Ana kankare ciyawa a doguwar hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20, ta yadda wuta in ta iso sai ta rasa abin ci. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sukan biya mutanen gari ladan aikin, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta don rani. Amfaninsa yana ga lokaci: in aka bari sai Disamba, an makara.

Wanda ya hango hayaƙi ya sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji nan take, ko ofishin magajin gari, ko jandarma. Masu kashewa da ɗanyen reshe su bi wutar ta gefe da baya, kada su tare ta gaba inda iska ke turo ta, kuma a fara janye yara da dabbobi.