Na fara kamun kifi da fatsa: ga amsar tambayoyin da kuke ta yi min

Tun da na fara zuwa dam ɗin Tiga da fatsa duk ranar Asabar abokai suka sako ni a gaba, wasu da gaske suke tambaya wasu kuma tsokana ce kawai, wai ɗan birni me ya haɗa shi da su. To ni dai ba masunci bane, ban gada ba, wata takwas kenan da farawa. Abin da zan faɗa wanda na gani ne da idona da wanda masuntan wajen suka koya min.

Wane kaya zan fara saya?

Kar ka yi irin tawa. Ni bidiyon Turawa na yi ta kalla a YouTube, na tashi na je kasuwa na sayo fatsa mai injin naɗe zare, da wani akwati cike da kifin roba kala-kala, mai shagon yana ta ce min ai da wannan sai dai ka gaji da ɗauka. Ranar farko ina wurgawa zaren ya cukurkuɗe a jikin injin kamar an kwance tsohuwar hula, na zauna a kan dutse ina warwara wajen minti arba'in rana na dukana, ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba a gefena da sandar gora, ya ɗaura yankin tsohon silifa a zarensa, kafin in gama warwara ya fito da karfasa huɗu. Ya dube ni yace "Yaya kifin nan naka na roba ai na wajen nan basu san shi ba."

Abin da kake buƙata kaɗan ne wallahi: sandar gora mai ɗan lanƙwasa da ta fi ka tsawo sau biyu ko kusa da haka, zaren roba, ƙugiya, dalma da za ta nutsar da ƙugiyar, sai abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka an taɓa, ko totuwar kara ko yankin silifa. Ka ƙara da filaya da bokiti da malafa. Shikenan. Mai injin tana da ranarta, idan kana so ka wurga nesa inda ruwa ke da zurfi, amma ba da ita ake koyo ba, ni sai da na ajiye ta wata uku kafin na sake ɗauka.

Lambar da ake rubutawa a kwalin ƙugiya fa, me take nufi?

Nan ma na sha kunya. Na ɗauka lamba 12 ta fi lamba 4 girma, ashe a juye abin yake, duk yadda lambar ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take. Sai ka ga an rubuta 1/0, 2/0, 3/0 sannan lissafin yake komawa daidai, waɗannan manya ne na manyan kifi. Girman yana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani shi yasa gara ka buɗe kwalin ka gani da idonka, Mustad ta ƙasar Norway ita na fi gani a hannun masunta. Karfasa bakinta ƙarami ne, 10 ko 12 ta ishe ta, tarwaɗa kuwa baki gare ta har kunne sai ka nemi 4 ko 6. Zare kuma mai kaurin 0.25 ko 0.30 na milimita ya isa mai koyo. Mutum sai ya sayi zare kamar na shanya wai kar ya tsinke, alhali kifin da zai tsinka 0.30 ɗin ma ba yau zai haɗu da shi ba.

Dalma kuma dan Allah kar ka matse ta da haƙori kamar yadda na ga wasu na yi, guba ce, ku tuna yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 wajen haƙar zinare, ɗaruruwa. Filaya ka sa. In ma babu dalmar ƙaramin noti na keke yana yi.

Me ake sa wa a ƙugiya?

Tana. Ita ce uwar ƙoto, kusan duk kifin dam yana cinta. Da damina ko ina ka tona za ka samu, da rani kuma sai ka nemi inda ruwa baya yankewa, gindin ayaba, bakin fadama, bayan gida inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ka zuba ta a gwangwani da jiƙaƙƙiyar ƙasa ka ajiye a inuwa, ni na taɓa barin nawa a but ɗin mota daga Kano zuwa Tiga, tafiyar kamar kilomita 70, da na buɗe abin da na tarar ba ya faɗuwa, warin sai da ya yi sati.

Bayan tana akwai gara da shinge da fara, akwai dusa da ake kwaɓawa da garin ƙuli-ƙuli. Tarwaɗa ita da hanci da gashin bakinta take farauta ba da ido ba, duk abin da ke da ƙarni tana so, hanjin kaza, hanta, har sabulu na ga ana yanka mata ƙanana ana sawa, da farko na ɗauka wasa ake min. Wata dabara da wani dattijo ya nuna min, ka dunƙula dusa da laka kamar ƙwallon fura ka jefa biyu ko uku inda za ka zauna, ka ba shi ɗan lokaci, lakar tana narkewa a hankali kifi na taruwa.

Ta yaya zan san kifi ya ci?

Nan ne karatun yake, kuma shi ba a saya a kasuwa. Da farko ka gyara tazarar da ke tsakanin totuwa da ƙugiya daidai da zurfin wajen. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, ƙoton ya taɓa ƙasa ko ya kusa, karfasa kuma tana yawo a tsakiya kusa da ciyawa. Ni sati biyu ina rataye tana a sama can kusa da fuskar ruwa ina cewa dam ɗin ba kifi.

Karfasa ɓarauniya ce, za ka ga totuwa na rawa kaɗan-kaɗan, tana ɗan nutsewa tana dawowa, tsattsagar tanar take daga gefe, in ka fizga a lokacin ƙugiya za ka ciro tsirara. Ka jira sai totuwar ta fara tafiya gefe ko ta nutse ta ɗan jima sannan ka ɗaga da wuyan hannu kawai. Tarwaɗa bata da wannan kunyar, sau ɗaya za ka nemi totuwa ka rasa. Dattijon nan da nake zama kusa da shi, Baba nake ce masa, ya ga yadda nake fizga da ƙarfi har ƙugiya na tashi ta bayana ta maƙale a ƙaya, yayi dariya yace "ɗana ba rijiya kake ja ba, leɓen kifi ba ƙarfe bane." Daga ranar na rage, na kuma fara kamawa.

Wane lokaci ya fi?

Daga sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa magariba. Tsakar rana ɓata lokaci ne galibi. Tarwaɗa da dare ta fi fitowa amma mai koyo ba ruwansa da bakin dam cikin duhu. Da hunturu ruwa ya yi sanyi karfasa na rage ci sosai, farkon damina kuwa da sabon ruwa ya fara shigowa da jan ƙasa tarwaɗa har gefe take zuwa.

Sai na nemi izini, ko kawai in je in zauna?

Ka nema. Ruwa yana da masu shi ko da gwamnati ce ta gina dam ɗin, Tiga tun 1974 aka gama ta zamanin Audu Bako, akwai mutanen da a bakinta aka haife su kuma da ita suke ci da iyali. Kusan duk mashigar masunta akwai sarkin ruwa ko wani babba, ka yi sallama ka gaisa ka faɗi abin da ya kawo ka, in da goro ka miƙa. Amfanin kanka ne, su suka san inda aka shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, da inda aka dasa gura, wato tarkon kifi, da inda mari-mari yake, shi mari-mari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, in zarenka ya shiga cikinta ka yi asara ka kuma jawo rigima. Wasu wuraren ma hana kamun kifi ake gaba ɗaya sai lokacinsa, kamar kogin Matan Fada a Argungu da ake killacewa saboda bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali tun 1934.

In kuma ka ga wani na zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, ka tashi daga wajen kar ka sayi ko ɗaya, haramun ne a doka kuma mutane ne za su ci.

Akwai haɗari ne?

Akwai, kuma ba wanda mutane ke tsoro bane. Kowa kada yake tambayata, ko dorina, dorina kam a wajen Yawuri da Kainji ba abin wasa bace amma ni abin da ya fi damuna tsargiya. Ƙwayar cutar daga jikin ƙananan katantanwa take fitowa ta shiga ta fata in ka tsaya cikin ruwan da baya gudu, bayan wani lokaci mutum ya fara fitsarin jini, a ƙauye har wasu na ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Tana da magani, praziquantel, amma gara ka tsaya a tudu ko ka sa takalmin roba dogo. In baka iya iyo ba kar ka hau kwalekwale ba rigar ruwa, komai yadda aka ce maka kusa ne.

Sai ƙaya. Tarwaɗa tana da ƙaya ɗaya kowane gefe bayan kai ga santsi kamar kuɓewa, ta bayan ƙayoyin ake riƙe ta. Kurungu ya fi ta mugunta, uku gare shi har da ta gadon baya kuma yana ƙame su, ka ciro shi yana wani gurnani kamar ƙofa mai tsatsa. Shi ya soke ni a tafin hannu wata na biyu, raɗaɗin har kafaɗa, na ƙare a kemis da allurar tetanus. Minjirya ban taɓa kamawa ba, Baba yace in na ga kifi mai taushi mai ɗigo-ɗigo kamar an hura shi in yanke zaren kawai, wuta take ja kamar ta NEPA.

Giwan ruwa fa, yaushe za ka kamo mana?

Ku bar ni in huta. Giwan ruwa kifi take ci ba tana ba, a zurfi take, babbarta tana wuce kilo 100, sai da jirgi da zare mai kauri da ƙaramar karfasa mai rai a ƙugiya, kuma sai wanda ya san ruwan. Babban abin da na taɓa kamawa zuwa yanzu tarwaɗa ce da ta kai tsawon hannuna daga yatsa zuwa gwiwa, na ɗauke ta hoto ta kowace fuska, uwargida ta yi farfesunta da daddare ta ce kuɗin man da na ƙona zuwa Tiga da dawowa ya sayi irinta biyar a kasuwar Galadima. Ban musa ba, na dai ce ta ƙara min romo. Asabar mai zuwa dam ɗin Challawa za mu gwada, akwai wuri ɗaya a mota ga wanda zai iya tashi ƙarfe huɗu.