Rubuta Jawabin Bikin Yaye Ɗalibai: Tambayoyi da Amsoshi

Tambaya: An ba ni jawabi ranar yaye ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare. Daga ina zan fara?

Amsa: Ka fara yanke shawarar abu guda da kake so su aikata bayan sun fita ƙofar makaranta, kamar neman ƙarin karatu ko riƙe sana'a, sannan ka gina komai a kansa. Ɗalibin da ke zaune ƙarƙashin rumfa da tsakar rana, yana fifita da takardar tsarin taro, ba zai tashi da nasiha goma a kansa ba.

Tambaya: Gaisuwar manyan baƙi fa?

Amsa: A Zazzau ba a tsallake manya. Ka gai da wakilin Mai Martaba, shugaban makaranta, malamai da iyaye, amma kada gaisuwar ta cinye fiye da minti ɗaya.

Tambaya: Da wane irin misali zan shawo kansu?

Amsa: Masu jawabi a Zariya sun saba kawo Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kuma ta tare a Zariya a 1949, su ambaci Yakubu Gowon da Murtala Muhammed cikin waɗanda ta yaye. Misali ne mai kyau, sai dai yaran sun sha jin sa, kuma suna ganin mutanen sun yi musu nisa. A ganina gara ka haɗa da wani tsohon ɗalibin makarantarsu wanda suka sani, ko tela ne a Tudun Wada ko mai gyaran waya a Sabon Gari, ka faɗi yadda ya fara da wahalar da ya sha kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Tambaya: In yi maganar waɗanda ba za su samu gurbin jami'a ba?

Amsa: Su ne ma suka fi bukatar jawabinka. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, amma ba duk wanda ya rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, take ɗauka ba, kuma yaran sun san haka. Ka ambaci Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da sake zama jarrabawa, da koyon sana'a, ba tare da ka nuna kamar ta'aziyya kake yi musu ba.

Tambaya: Da Hausa ko da Turanci?

Amsa: Ka duba iyayen da ke wurin. Idan tsarin makaranta ya tilasta Turanci, ka maimaita babban saƙon da Hausa, kuma ka karanta jawabin da ƙarfi a gida kana duba agogo, kada ya wuce minti bakwai.