Ƙwayar cuta a cikin jini: tambayoyin da ake tare ni da su a Jidda

Na daɗe ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Jidda, kuma duk wanda aka kwantar masa da ɗan'uwa, da zarar ya ji ina jin Hausa, sai ya tare ni a baranda. Tambayoyin ba sa sauyawa, shi ya sa na rubuta amsoshinsu domin bakina ya huta.

Wannan ba zazzaɓin cizon sauro ba ne?

A'a. Bakteriya daban, ƙwayar maleriya daban, kuma galibi maganin ɗaya ba ya taɓa ɗayar.

Ta ina take shiga jini?

Daga inda ta fara zama. Bakteriya iri-iri ce: E. coli yawanci daga mafitsara take hawowa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga. Staphylococcus aureus tana bin gyambon ƙafa, ko kanular da ta daɗe a hannu, ko robar wankin ƙoda. Klebsiella da Acinetobacter sun fi kama waɗanda suka jima a sashen kulawa ta musamman. Masu tsayawa a bakin hanya su sha ɗanyen nonon raƙumi kuwa, su san da zaman Brucella.

An ce magani ya ƙi aiki. Jikinsa ne ya saba da shi?

Ba jikinsa ba ne, ƙwayar ce ta bijire. Wasu E. coli da Klebsiella suna fitar da sinadarin da ke lalata maganin ceftriaxone, sai a koma maganin meropenem, wasu kuma har shi suna lalatawa, abin da ba baƙo ba ne a asibitocin ƙasashen Larabawa. Idan aka kai ga maganin colistin, to zaɓi ya yi ƙaranci, ga shi yana wahalar da ƙoda. An ƙiyasta cewa a 2019 irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Me ya sa sakamako yake daɗewa?

Rainon ƙwayar muke yi a kwalba, ba ma iya yi mata dole. Galibi takan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin a san maganin da ke kashe ta. Ku kwantar da hankali, likita ba ya zaman jiranmu, yakan fara allura nan take, ya gyara daga baya.

Baba ya ji sauƙi, jirginmu kuma jibi ne. Mu tafi?

Hajiya, wannan ba ni da amsa ɗaya a kanta, domin ta danganta da sunan ƙwayar, da inda ta fito, da ƙarfin jikin Baba. Idan E. coli ce daga mafitsara, zazzaɓi ya sauka, yana cin abinci, gwaji kuma ya nuna akwai maganin haɗiya da ƙwayar take ji, mai yiwuwa likita ya yarda a ƙarasa kwanaki bakwai na magani a gida. Idan kuwa Staphylococcus aureus ce, lamarin ya sha bamban: a ƙalla mako biyu ake yi ana allura ta jijiya, wani lokaci har mako shida, saboda takan laɓe a zuciya ko a ƙashi alhali majinyaci yana ta hira yana dariya. Na taɓa ganin dattijon da ya matsa aka sallame shi a kwana na huɗu, ya dawo bayan mako biyu bayansa ya riƙe, ko zama ba ya iya yi. Na san sauya tikiti kuɗi ne, na san akwai maganar biza, amma ku fara tambaya ko an sake ɗibar jini an ga ya wanke. Idan tafiyar ta zama tilas, kada ku fita sai da takarda mai sunan ƙwayar da jerin magungunan da take ji, kuma ku tabbatar ana samun maganin a inda za ku sauka.

Me ya sa saidaliyya (kantin magani) ta ƙi sayar mini da amoxicillin?

Tun 2018 hukumar lafiya ta Saudiyya ta tsananta hana sayar da shi ba tare da takardar likita ba, kuma daidai ta yi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne Ampiclox ɗin da ake ƙunsowa a jaka daga gida, a ba majinyaci kwana uku, sannan a kawo shi a ce bai sha komai ba. Maganin nan yana iya hana ƙwayar tsirowa a kwalbarmu, mu kwana biyar muna raino ba mu ga komai ba. Idan kun ba shi, ku faɗa, ku zo da kwalin.