Me ake nufi da "kamfe" a harkar talla?

Da azumi ya gabato sai kalmar kamfe ta cika wayoyin Hausawan Makka da Jidda. Mai abaya tana kamfe, mai turare yana kamfe, mai kargo zuwa Kano yana kamfe, har mai gasa tsire, wanda mutanen nan ke kira siriya, za ka ji ya ce ya fara kamfen Ramadan. Samari kuma sun mai da abin sana'a: "Hajiya, kawo kaza in yi miki kamfe." A shirin kai tsaye na TikTok mai gabatarwa zai ɗaga kwalbar humra sau ɗaya, ya shinshina, ya yaba, ya ce ya gama wa mai ita kamfe. Wannan ne ke ci mini rai, domin abin da ya yi sunansa talla, tallan ma na minti ɗaya. Da a baki kuskuren ya tsaya da ban damu ba. Matsalar ita ce kuɗin kamfe ake karɓa a hannun mutane, a ba su abin da bai kai ba.

Mu a gida a bakin 'yan siyasa muka san kalmar. Shi ya sa in Bahaushe ya ji kamfe, abin da ke faɗo masa a rai shi ne taro da kiɗa, lasifika a kan mota, fosta a bango. Wannan fahimtar muka ɗauko muka shigo da ita kasuwa, ya zama duk wanda ya ɗaga murya ya yi kamfe. Alhali ko a siyasar, taron filin wasa ɗan yanki ne na aikin. Akwai sanin mazaɓun da ake da rauni, da wanda za a tura can, da abin da za a kashe. Akwai ranar farawa da ranar dainawa, har a Najeriya doka ta ce a tsaya awa 24 kafin ranar zaɓe. Bayan nan a zauna a ƙirga ƙuri'a, kowa ya san matsayinsa.

Asalin kalmar daga fagen fama yake. Turanci ya aro ta daga Faransanci, ita kuma tushenta wata kalmar Latin ce mai nufin buɗaɗɗen fili. Sojojin Turai na da, in sanyi ya kankama sukan koma masauki su zauna, in ya wuce su fito fili. Wannan fitar, daga ranar da aka tashi zuwa ranar da aka koma, ita suke kira da wannan suna. Mu ma haka abin yake a ƙasar Hausa. Da damina kowa yana gona. Sai an yi girbi, ƙasa ta bushe, rafuka sun janye yadda dawaki za su ratsa, sannan a buga tambari a fita. Kuma babu sarkin da zai fita bai san garin da ya nufa ba, bai san yawan guzurinsa ba, bai san yaushe dole ya juyo kafin ruwa ya sauko ba. Ba banza ba da Hausa ta tashi yi wa kamfen siyasa suna ta ce yaƙin neman zaɓe. Larabcin da muke zaune a cikinsa ma hanyar ya bi. Kalmarsu ita ce hamla, daga tushen da ke nufin ɗauka, kuma ana faɗinta ga kai farmaki. Kamfen talla a nan hamla i'ilaniyya ake ce masa. Harsuna uku, kowanne ya koma ga fita mai manufa, mai guzuri, mai ranar komawa.

To haka kamfe yake a wajen masu sana'ar. Shiri ne na tallace-tallace da yawa masu ɗauke da saƙo ɗaya, da ake nufin wasu mutane takamaimai da su, cikin lokaci sananne da kuɗi ƙididdigagge, don a cimma abu guda da za a iya aunawa. In mai kaya ya shiga ofishin kamfanin talla na gaske a Riyad ko Jidda, ba da hoto ake fara magana ba. Tambayar farko ita ce me kake so ya faru. A san sunan shagonka? A turo maka saƙo? A saya? Kowace amsa aikinta daban, kuɗinta daban.

Wannan ba falsafar ofis ba ce, a jikin manhajar kanta aka gina shi. Duk wanda ya buɗe Ads Manager, inda ake sayen talla a Facebook da Instagram, zai tarar da hawa uku. Hawa na sama shi ne kamfe, kuma babban abin da ake zaɓa a wurin shi ne manufa, cikin guda shida: a san ka, a ziyarci shafinka, a yi mu'amala da abin da ka ɗora, a bar maka suna da lamba, a sauke manhajarka, ko a saya. A hawa na biyu ake faɗin su wa ake so su gani, a wane gari, masu wane shekaru, zuwa yaushe. Hoton da bidiyon da mutane ke ɗauka su ne kamfe, su ne a hawa na ƙasa.

Nan ne ake cutar mata masu sana'a, sau da yawa ma ba da gangan ba, yaron ne shi kansa bai sani ba. Hajiya tana da abayoyi a Makka, a cikin gari take kai wa masu saye. Ta ba ɗan maƙwabta kuɗi. Ya danna maɓallin nan da ke ƙarƙashin hoto, wanda a wayar da ke kan Larabci aka rubuta tarwij, ya bar manufa a kan mu'amala, ya buɗe wa tallan ƙasashe barkatai don lamba ta hau. Tallan intanet gwanjo ne. Duk lokacin da wani ya buɗe wayarsa, masu talla suna takarar wa za a nuna masa, kuma manhajar tana neman mutanen da suka fi saurin yin abin da ka ce kana so a farashi mafi sauƙi. Ka ce layik kake so, za ta nemo maka masu dangwala layik. Bidiyon da Hausa yake, saboda haka sai ga su daga Kano da Kaduna da Maraɗi, suna rubuta "Masha Allah Hajiya, nawa?" Bayan kwana uku yaron ya zo da waya a hannu: "Hajiya, duba, mutum dubu kaza sun gani." Ita kuma ta waiwaya ta kalli abayoyin a rataye yadda suke. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta kawo. Da Hajiya kargo take yi zuwa Najeriya, da waɗannan mutanen su ne kasuwarta. Bambancin duka yana hawa na ɗaya da na biyu, inda babu wanda ya tsaya ya yi tunani.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne. A ce an kashe riyal 1,000, mutum 40 suka turo saƙo, 8 suka saya, ribar kowace abaya riyal 60. An samu 480, an yi asarar 520, ko da mutum miliyan ne suka kalli bidiyon. Mai kamfe na gaske tun kafin a fara zai gaya wa Hajiya cewa sai an sayar da 17 kafin kuɗin tallan ya dawo, kuma bayan kwana biyu zai duba, ya kashe hoton da ba ya kawo ciniki, ya ƙara wa mai kawowa. Wanda bai iya wannan lissafin ba, a ganina, bai kamata ya karɓi kuɗin kowa da sunan kamfe ba.

Sai batun mashahir, wato fitattun Snapchat da TikTok. Biyan fitacce ya ambaci kayanka yana iya zama wani yanki na kamfe, kuma manyan kamfanoni suna yi. Sai dai su sukan ba kowane fitacce lambar rangwamensa, kod khasm, don su san ciniki nawa ya shigo ta hannun wane. Mu kuwa yawan mabiya muke kallo mu biya. Akwai kuma doka a kai, wadda da yawanmu ba su kula da ita. Tun Oktoban 2022 duk mai son tallata kayan wasu a shafinsa a Saudiyya sai da lasisin Mawthooq, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku. A shekarar ce kuma hukuma ta hana baƙi, masu iƙama, wato takardar izinin zama, da masu ziyara, yin talla a shafukansu ba tare da izini ba. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ce dole a bayyana cewa talla talla ne. Ko rangwame ba a sanarwa haka kawai, sai da izinin Ma'aikatar Kasuwanci. Ɗan'uwanmu da ke zaune da iƙama yana karɓar kuɗi yana tallata turare a TikTok, kansa yake jefawa cikin haɗari.

Wanda ke son ganin kamfe da idonsa ya duba kasuwar nan a watan Satumba. Ranar ƙasa 23 ga wata ce, amma tun makonni kafin nan allunan kan titi, da Snapchat, da saƙon waya, da gilashin shaguna, duk kore ne, duk magana ɗaya. A 2024 ranar ƙasa ta 94 aka yi, sai ka ga kaya iri-iri an sa musu riyal 94. A 2025 aka koma 95. Kwana kaɗan bayan ranar sai a sauke komai. Haka White Friday, lokacin rangwame a Nuwamba, haka 22 ga Fabrairu, ranar tunawa da kafuwar ƙasar, haka Ramadan.

Amma ruɗanin da ya fi tayar mini da hankali ba na riba da asara ba ne. Ita wannan kalma ta hamla, a Saudiyya tana da wata ma'ana da kowa ya sani: kamfanin da ke ɗaukar alhazai, ya ba su tanti a Mina da Arfa, da mota da abinci. In mutum ya ce "na yi rajista da hamla", Hajji yake nufi. To sai ga shi a tsakaninmu ma'anonin biyu sun cakuɗe. Da watan Shawwal ya kama sai bidiyoyi su fara yawo a WhatsApp da Hausa tsantsa: hamla mai rahusa, kujera ta kusa ƙarewa, turo rabin kuɗi. Hoton tanti mai sanyi, murya mai daɗi, ayoyi a farko. Tsohon da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya ga kyan tallan, ya ga an yi ta turo shi daga wurare daban-daban, sai ya ɗauka akwai kamfani a bayansa. Sau da yawa kuwa babu komai sai tallan. Kowace shekara jami'an tsaro suna sanar da kama masu tallata irin waɗannan a kafafen sada zumunta, suna kiransu hamalat wahmiyya, wato na bogi. Kuma abin baƙin cikin shi ne waɗannan mayaudaran sun fi 'yan kasuwarmu na halal fahimtar kamfe. Sun san wanda suke nema, sun san harshensa, sun san watan da zuciyarsa ke rawa, sun san ranar da za su kashe layi.

Sakamakon ba a waya yake tsayawa ba. A Hajjin 2024, cikin tsananin zafi, ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana babu inuwa babu wurin hutawa. Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan lamarin. A 2025 tarar wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji babu tasrihi, wato takardar izini, ta kai riyal 20,000, ta wanda ya ɗauko shi ko ya ba shi masauki ta kai 100,000, baƙo kuma a mayar da shi ƙasarsa a hana shi shigowa shekara goma. Ita ma hukuma da kamfe take amsawa, wanda duk mazaunin nan ya haddace takensa, "La hajja bila tasrih", babu Hajji sai da izini, a alluna da saƙon waya da harsuna da yawa.

Saboda haka in Baba ko Inna suka turo maka bidiyon hamla suka ce ka duba musu, kada kyan bidiyon ko yawan masu yabo a ƙarƙashinsa ya zama hujja, domin duka biyun ana sayensu da kuɗi kaɗan. Mazaunin Saudiyya ta manhajar Nusuk yake yin rajista, a can zai ga kamfanonin da Ma'aikatar Hajji da Umra ta amince da su, kuma a can izininsa zai fito da sunansa. Mai tasowa daga Najeriya ta hukumar alhazan jiharsa zai bi, ko kamfanin jirgin yawo da NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, ta ba lasisi. Bizar ziyara ba ta Hajji ba ce, ko wane ne ya faɗa a bidiyo.