Waiwaye: Gurasar Misa, jiki ce ko alama?

Ranar Lahadi a majami'ar Holy Family da ke Sakkwato, idan Fada ya ɗaga ɗan farin faifan gurasa ya ce "wannan jikina ne", za ka tarar jama'a a durƙushe. Maƙwabcinsu ɗan ECWA ko Baptis, wanda shi ma yake cin Jibin Ubangiji a cocinsa, zai ce maka tunawa ce da mutuwar Yesu. Ɗan Katolika ba zai yarda ba. A koyarwar ɗarikarsa, gurasar da ruwan inabin sun koma jikin Almasihu da jininsa, duk da cewa launi da ɗanɗano suna nan yadda suke.

Maganar ta daɗe tana jawo wa Kiristoci tsangwama. Tun a ƙarni na 2, Romawa sun ji ƙishin-ƙishin cewa Kiristoci na taruwa a ɓoye su ci jiki su sha jini, sai suka laƙaba musu cin naman mutane. Daga baya gardamar ta koma cikin gida. A ƙarni na 11 wani malamin Faransa, Berengar, ya ce gurasa tana nan a gurasarta, aka tilasta masa janye maganarsa a Rum a 1059, aka sake a 1079. Babban taron shugabannin coci na Lateran a 1215 ya sa hukuncin cewa gurasar tana juyawa a rubuce.

Wanda ya yi wa hukuncin sharhi mafi tasiri shi ne Toma Akwinas, malamin Katolika na ƙarni na 13, kuma a nan ne ɗalibin tauhidi na zaurukan Sakkwato zai ji kamar a gida yake. Akwinas ya raba zatin abu da siffofinsa: zatin gurasa ne ke juyawa, siffofin su zauna. Kayan aikin nan na Aristotal ne, kuma Akwinas ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, yana ambatonsu a rubuce-rubucensa. Ba sai mutum ya yi imani da sakamakon ba kafin ya ga cewa wanda ya ce "ai ku kai ta ɗakin gwaji" bai fahimci da'awar ba. Na'ura siffa take aunawa.

Da Furotesta suka ɓalle, su ma kansu bai haɗu ba. A Marburg ta Jamus a 1529, jagoransu Luther ya dage cewa Almasihu yana cikin gurasar da gaske, takwaransa Zwingli ya ce alama ce, suka watse baram-baram. Taron shugabannin coci na Trent ya jaddada matsayin Katolika a 1551. A Ingila kuwa abin ya zama dokar ƙasa: daga 1673, ba ka riƙe muƙamin gwamnati sai ka furta cewa gurasa ba ta juyawa, kuma sai wajen 1829 aka sakar wa Katolika mara.

Abin mamaki, yau shakkun a kan bencin coci yake. Binciken cibiyar Pew a 2019 ya nuna kashi 69 cikin ɗari na Katolikan Amurka sun ɗauki gurasar alama ce, kashi 31 kacal ke kan koyarwar cocin. Amurka dai ba Sakkwato ba ce.

A nan, limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne suka kafa tushe. An ware yankin a 1953, ya zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop ke jagoranta, a 1964, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma yake jagoranta tun 2011. Tsiraru ne a birnin Shehu, kuma sau da yawa a ɗaurin aure ko jana'iza ne baƙo ke fara cin karo da batun, lokacin da aka sanar cewa wanda ba Katolika ba ya zauna a wurinsa, kada ya fito karɓar gurasar. Wasu baƙin kan ji haushi, a ganinsu wariya ce. Amma shi kansa ɗan cocin ba ya zuwa layin sai ya kame bakinsa na awa ɗaya, in kuma yana ɗauke da babban zunubi, sai ya fara zuwa wurin Fada ya yi ikirari.