An ce na warke daga tarin fuka, me ya sa har yanzu nake haki?

Waɗannan tambayoyi ne da masu shan maganin tarin fuka karo na biyu ko na uku ke yawan yi a nan Maradi, musamman in hunturu ya kama.

An ce na warke, amma tari bai sake ni ba. Ƙarya aka yi mini?

Ba ƙarya ba ce. Maganin wata 6 ɗin nan, wata 2 ana haɗa magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu, aikinsa kashe ƙwayar cutar ne. Ba ya ɗinke inda ta ci. Kamar gara ce a azara: ka kashe garar, amma ramukan da ta yi suna nan. Huhu kan saura da tabo, ko kogo, ko hanyoyin iska su buɗe fiye da kima su riƙa tara kaki. Shi ya sa wani zai tashi da asuba ya tofar da kaki mai yawa, ko ya taka daga gida zuwa masallaci ya tsaya ya dafa bango. Duk sanda ciwon ya dawo, yana ƙara nasa tabon a kan na baya.

To ta yaya zan gane ciwon ne ya dawo, ko tabo ne kawai?

Nan ne ake yawan kuskure. Hoton ƙirji shi kaɗai ba ya raba gardama, don tsohon tabo yana fitowa a hoto har ƙarshen rayuwa. Sai an gwada kaki. Shi kansa gwajin kaki na na'ura da ake kira GeneXpert yana iya ganin burbushin matacciyar ƙwaya a wanda bai daɗe da gama magani ba, saboda haka likita kan haɗa da gwajin shuka ƙwayar, wato a rene ta a ɗakin gwaji a ga ko tana da rai, da abin da jiki ke nunawa: rama, zazzaɓin yamma, gumin dare. Ka faɗa masa sau nawa ka sha magani, kuma ko ka taɓa yankewa. Kada ka ji kunya. Wanda ya maimaita magani dole a duba ko ƙwayarsa ta daina jin rifampisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, don irin wannan maganinsa daban ne. A ganina, a ɗora wa mutum wata 6 na ƙwayoyi kan hoto kaɗai zalunci ne ga hantarsa.

Jini a kaki fa?

Wannan ba a kwana da shi. Yana iya zama ciwon ne, yana iya zama wani naman gwari mai suna asfajilus da ke shiga tsohon kogo ya dunƙule a ciki. Maganin tarin fuka ba ya taɓa shi.

Huhun zai koma yadda yake?

Tabo ba ya gogewa, amma sauran huhun ana iya tattalinsa. Taba da shisha, a bar su gaba ɗaya. Uwargida mai girki da ice ta fito da murhu tsakar gida, ta bar durƙusawa tana hura wuta da baki cikin madafa. Ɗan kabu-kabu ya rufe hanci da baki in hazo ya sauko. Rawani ya fi babu. Tafiya a ƙasa kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, tana rage haki, ko da yake da farko mutum zai ga kamar ƙara shi take. Shan ruwa yana tsinka kaki. Mai shaƙewar ƙirji kuma likita na iya rubuta masa maganin shaƙa irin na masu asma. A duba suga da cutar sida, don su biyun suna buɗe wa ciwon ƙofar dawowa.

Zan iya harbar iyalina?

In gwaji ya nuna ƙwayar ta mutu, a'a. Tarin tabo ba ya yaɗuwa, ba sai an ware maka kwano ba.