Juyen baƙin mai da canjin filta a ƙaramar tarakta: tambayoyi da amsoshi

Da ruwa ya sauka kowa haro yake nema, makanike kuma yana can cikin gari da layin motoci a gabansa. A irin wannan lokaci ne mai tarakta yake cewa "bari mu gama gonar nan tukuna", har mai ya wuce ƙa'ida da awa ɗari. Ga tambayoyin da masu ƙananan taraktoci suka fi yi kan juye.

Dole ne sai makanike ya yi?

A'a. Wanda ya iya kwance noti zai iya. Abin da ake buƙata shi ne sifana daidai da notin ƙasan injin, abin kwance filta, kwano mai faɗi, mazurari, da tsumma mai tsabta. Sai littafin da ya zo da taraktar, domin a ciki aka rubuta litar man da injin yake ci da lambar filtarsa. Idan ta hannu ce ka saya babu littafi, duba samfurinta a intanet ka sauke shi a waya.

Bayan kwana nawa ake juye?

Tarakta ba a yi mata lissafi da kwana ko kilomita, awa ake ƙirgawa, kuma akwai agogon awa a gaban direba. A ƙananan taraktoci irin na Kubota da John Deere, juyen farko na sabuwa yawanci yana zuwa a awa 50, saboda sabon injin yana zubar da ɗan garin ƙarfe kafin ya zauna. Daga nan da yawa suna cewa duk awa 200, wasu sababbin samfuri kuma sun fi haka. Lissafa da kanka: taraktar da take haya awa goma kullum a farkon damina, kwana ashirin ta cika awa 200. Wadda ba ta cika awannin ba, a juye mata sau ɗaya a shekara, domin man da ya daɗe a zaune yana tara danshi. A ganina, mai aiki cikin ƙura da zafi irin namu gara ya juye kafin lokaci da ya bari ya gota.

Wane mai zan zuba?

Na injin gas, ba na motar fetur ba. Wanda aka fi amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne 15W-40. Duba jikin galan, za ka ga API da haruffa a gabansa. Wanda ya fara da C, kamar CH-4 ko CI-4, na gas ne. Wanda ya fara da S kaɗai na fetur ne. Man awo da ake tsiyayowa daga duro a bakin titi kuwa, ba ka san abin da ke ciki ba, kuma jabu ya yi yawa ko a cikin galan. Saya a wurin dila, ka tabbata murfin ba a taɓa ɓalle shi ba.

Man giya da haidurolik daban ne. Kada ka zuba masa baƙin mai don kawai shi ne a kusa.

To yaya aikin yake?

Ka tayar da injin ya yi kamar minti biyar, domin mai mai ɗumi ya fi gudu kuma yana fitowa da dattin da ya kwanta. Tsayar da taraktar a wuri mai baje, sauke garma ko haro ƙasa, ja birkin hannu, kashe, zare makulli ka sa a aljihu. Kafin ka taɓa komai, goge kewayen murfin mai da na filta. Nan ne mutane suke sakaci: yashin da ya faɗa ciki lokacin juye ya fi tsohon man illa.

Tara kwano, kwance notin ƙasa. Wasu injinan noti biyu gare su, hagu da dama, sai an kwance duka man yake fita tas. Bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo, sannan ka mayar da notin. A fara ɗaura shi da yatsu, sifana ta biyo baya, kuma ba a hawa kansa da ƙarfi, don idan zaren ya cinye aiki ya zama na mai walda.

Yanzu filta. Kwance tsohuwar, ka duba ko robarta ta fito tare da ita. Ni wannan ta taɓa kama ni: robar ta maƙale a jikin injin ban lura ba, na ɗaura sabuwa a kanta, ina tayarwa sai ga mai yana feshi har kan taya. Allah ya sa ina tsaye a wurin na kashe nan take. Dangwali sabon mai da yatsa ka shafa wa robar sabuwar filta, ɗaura da hannu har ta taɓa, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Yawanci an zana hakan a jikin gwangwanin. Hannu ya isa.

Zuba mai, tayar da injin a hankali ba tare da taka totur ba, ka ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Kashe, jira minti biyar, zaro geji, wato sandar awon mai, ka goge, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. Cika shi fiye da kima ma matsala ce. Rubuta awar da agogo ya nuna a jikin filtar da alƙalamin maka.

Na juye jiya, yau har ya yi baƙi. Jabu aka sayar mini?

Ba lallai ba. Injin gas yana yin toka, man kuma aikinsa ne ya riƙe ta, shi ya sa yake saurin baƙi. Abin tsoro shi ne ka ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, wato ruwa ya shiga, ko ka ga yana ƙaruwa a geji yana warin gas. Waɗannan biyun na makanike ne, kada ka ci gaba da aiki.

Filtar iska fa?

Ita ce mai shan wahala a wurinmu, musamman a haron busasshiyar ƙasa da lokacin hazo. Yawancin taraktoci biyu gare su, babba a waje da ƙarama a cikinta. Babbar ake cirewa a hure, daga ciki zuwa waje, da iska marar ƙarfi. Idan wurin mai faci ka kai, ce masa ya nisanta bakin tiyon, don iskar taya tana huda takardar. Buga ta a jikin taya da direbobi suke yi yana lanƙwasa bakinta, ƙura ta samu hanya. Haska tocila a ciki. In ka ga huda ko da ta allura ce, ta gama aiki. Ƙaramar ta ciki ba a hure ta, canza ta ake yi.

Na canza filtar gas, tarakta ta ƙi tashi.

Iska ta shiga layi. Buɗe famfon gas, sassauta ƙaramin notin fitar da iska da ke saman filtar, ka yi ta danna famfon hannu idan tana da shi, har gas ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure. Wasu sababbi da kansu suke fitar da iskar idan ka kunna makulli ka ɗan jira. Akwai kuma ɗan kofi mai haske a ƙarƙashin filtar inda ruwa yake taruwa. Mai sayen gas a jarka ya riƙa leƙa shi kowace safiya.

Ina zan kai tsohon man?

Kada a zubar a gona, ko a kwata, ko kusa da rijiya, kuma kada a shafa wa dabba a kan ƙurji kamar yadda wasu suke yi. Juye shi cikin galan ɗin da ka zazzage, rufe, ka kai garejin da suke tarawa. Tsohuwar filtar ma kife ta a kwano ta kwana tana tsiyaya kafin ka jefar, don akwai sauran mai a cikinta.